Tarihin Tsaro Mai Tsanani da Dokokin Ƙeta a Gasar Ƙwallon Kwando ta NBA

Ƙwallon kwando wasa ne da aka ƙirƙira da niyyar guje wa gwabzawar jiki, amma tarihinsa a matsayin sana'a, musamman a gasar NBA ta Amurka, cike yake da jayayya a kan iyakar ƙarfin da mai tsaro zai yi amfani da shi wajen hana abokin hamayya jefa ƙwallo a kwando. Abin da ake nufi da tsaro shi ne dukan dabarun da 'yan wasa biyar na ƙungiyar da ba ta riƙe da ƙwallo suke bi domin su tare hanya, ko su ƙwace ƙwallon, ko su doke ta bayan an jefa, ƙeta kuwa ita ce taɓa jikin abokin hamayya ta hanyar da doka ta hana, kamar riƙewa da turewa da bugun hannu. Tsakanin halastaccen tsaro da ƙeta akwai sarari mai faɗi wanda alƙalin wasa ke yanke hukunci a kansa cikin ƙiftawar ido, kuma wanda ya bi tarihin dokokin gasar zai tarar cewa kusan duk lokacin da aka matsar da wannan iyaka, ɗayan abubuwa biyu ne ya jawo: ko dai wani ɗan wasa ya ji mummunan rauni a gaban dubban jama'a, ko kuwa maki sun yi ƙaranci har 'yan kallo sun fara gajiya da wasan.

James Naismith, malamin motsa jiki ɗan asalin Kanada, shi ne ya tsara wasan a watan Disamba na 1891 a makarantar horas da ma'aikatan ƙungiyar YMCA da ke Springfield a jihar Massachusetts, bayan an nemi ya samo wa ɗalibai abin da za su yi a cikin zaure a lokacin hunturu ba tare da sun karya junansu a kan daɓen katako ba. Ya lura cewa abin da ke kawo kokawa a ƙwallon ƙafa irin na Amurka shi ne gudu da ƙwallo a hannu, saboda haka ya hana gudu da ita, sa'annan ya rataye kwandon a sama, tsayin ƙafa 10, domin saiti ya fi ƙarfi amfani, masu tsaro kuma su kasa cunkushe bakin raga kamar yadda ake yi a sauran wasanni. Daga cikin dokokinsa 13, ta biyar ta haramta bangaza da kafaɗa da riƙewa da turewa da sa ƙafa da duka, ta kuma tanadi cewa wanda aka ga alamar ya yi niyyar jikkata wani za a fitar da shi har ƙarshen wasa ba tare da an maye gurbinsa ba. Tun daga ranar farko ke nan aka bambanta ƙetar da ta faru cikin neman ƙwallo da wadda aka yi da mugun nufi, kuma a kan wannan bambanci ne aka ci gaba da gardama har yau.

Da kuɗi suka shiga wasan, niyyar Naismith ba ta daɗe ba. Ƙungiyoyin farko da suka fara biyan 'yan wasa, irin ta Trenton a jihar New Jersey a 1896, sun riƙa wasa a cikin kejin waya da aka kewaye fili da shi domin kada ƙwallo ta fita kuma kada 'yan kallo su faɗa cikin rigima, sai kejin ya zama makami, domin mai tsaro yakan maka abokin hamayya a jikin waya ya fito da yanka a hannu da cinya. An ci gaba da amfani da keji, daga baya da ragar igiya, har cikin shekarun 1920.

Gasar da ta zama NBA an kafa ta a 1946, ta kuma ɗauki sunanta na yanzu a 1949, kuma matsalar da ta fara fuskanta ita ce yadda ƙeta ta zama dabarar cin wasa. Ƙungiyar da ke gaba da maki takan riƙe ƙwallo tana ɓata lokaci, wadda ke baya kuma ba ta da hanyar karɓo ta sai ta yi ƙeta da gangan, a ba wanda aka yi wa jifan kyauta, wato jifan da ake yi daga wani layi ba tare da mai tsaro ya tare ba. A ranar 22 ga Nuwamba 1950 Fort Wayne Pistons ta doke Minneapolis Lakers da maki 19 da 18, sakamako mafi ƙanƙanta a tarihin gasar, a watan Maris na 1953 kuma aka busa ƙeta fiye da 100 a wasa guda tsakanin Boston Celtics da Syracuse Nationals, inda Bob Cousy ya ci maki 50, waɗanda 30 daga cikinsu jifan kyauta ne. Maganin ya zo a 1954, lokacin da aka karɓi shawarar Danny Biasone, mai ƙungiyar Syracuse, aka kafa agogon daƙiƙa 24 wanda dole ƙungiya ta yi jifa kafin ya ƙare, aka kuma ƙayyade yawan ƙetar da za ta yi a kowane zango kafin hukunci ya ƙaru. A kaka ɗaya matsakaicin makin kowace ƙungiya ya tashi daga 79.5 zuwa 93.1. Wannan gyara don 'yan kallo aka yi shi, lafiyar 'yan wasa ba ta cikin lissafi, kuma har ƙarshen shekarun 1970 kusan kowace ƙungiya tana ajiye ƙato ɗaya wanda aikinsa shi ne ya rama wa tauraronta idan an taɓa shi, dambe a tsakiyar fili kuma ba abin mamaki ba ne.

Kakar 1977 zuwa 1978 ce ta kawo ƙarshen wannan sakaci. A daren buɗe kakar, Kareem Abdul-Jabbar na Lakers ya naushi Kent Benson na Milwaukee Bucks bayan Benson ya buge shi da gwiwar hannu a ciki, Abdul-Jabbar ya karya hannunsa, aka kuma ci shi tarar dala 5,000. Bayan ƙasa da wata biyu, a ranar 9 ga Disamba, rigima ta tashi a tsakiyar fili tsakanin Kermit Washington na Lakers da Kevin Kunnert na Houston Rockets, sai Rudy Tomjanovich, abokin wasan Kunnert, ya sheƙo da gudu zuwa wurin, Washington kuwa da ya hangi mutum yana tahowa ta bayansa sai ya juya ya kai naushi. Ƙarfin naushin ya haɗu da ƙarfin gudun, ƙasusuwan fuskar Tomjanovich suka rabu da ƙoƙon kansa, muƙamuƙi da hanci suka karye, ya faɗi ƙeyarsa ta bugi daɓe yana kwance cikin jini, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa kuma ya riƙa tsiyaya har yana jin ɗanɗanonsa a baki. Da ƙyar ya tsira da rai, bai kuma sake wasa a kakar ba. An dakatar da Washington na kwana 60 tare da tarar dala 10,000, hukuncin da ba a saba ganin irinsa ba a lokacin, a kakar da ta biyo baya kuma aka gwada sa alƙalai uku a fili maimakon biyu, tsarin da aka janye bayan shekara guda sa'annan aka dawo da shi dindindin a 1988.

An shawo kan naushi, amma ƙeta mai tsanani da ake yi da sunan neman ƙwallo ta rage yadda take, kuma a nan ne haɗari mafi girma yake. Ɗan wasan da ya yi tsalle zuwa kwando ƙafafunsa biyu suna sama, hannayensa suna riƙe da ƙwallo, idanunsa suna kan raga, saboda haka ba shi da abin da zai kare kansa, kuma ɗan turi kaɗan a ƙugu ko fizga a wuya ya isa ya juya jikinsa ya sauko da baya ko da ka a kan katako. A wasa na huɗu na zagayen ƙarshe na 1984, Kevin McHale na Celtics ya tare Kurt Rambis na Lakers da hannu a wuya yana cikin iska, Rambis ya faɗo da baya, amma ƙeta ta yau da kullum kawai aka busa, McHale ya ci gaba da wasa, Celtics ta ci wasan ta kuma ɗauki kofin. Darasin da sauran ƙungiyoyi suka ɗauka a fili yake, wato farashin tsoratar da abokin hamayya jifan kyauta biyu ne kacal.

Ƙungiyar da ta mayar da wannan darasi cikakken tsari ita ce Detroit Pistons ta koci Chuck Daly, wadda ake yi wa laƙabi da Bad Boys, mai ɗauke da Isiah Thomas da Joe Dumars da Bill Laimbeer da Rick Mahorn da Dennis Rodman. Dabarar da suka tsara a kan Michael Jordan na Chicago Bulls, wadda aka fi sani da Dokokin Jordan, ta ƙunshi tilasta masa bin ɓangaren da taimako yake, da tura masa mutum biyu ko uku da zarar ya nufi kwando, da kuma tabbatar da cewa idan ya tashi sama ya ji a jikinsa kafin ya sauko. Da wannan suka fitar da Bulls daga wasannin fitar da gwani a 1988 da 1989 da 1990, suka kuma ɗauki kofi a 1989 da 1990. Adalci ne a faɗi cewa Pistons ƙwararru ne wajen tsaro ko da an cire muguntar, domin Dumars yana tare Jordan da ƙafa da lura fiye da ƙarfi, amma sunan da suka bari na duka ne, shi ne kuma ya sa gasar ta ƙara hukuncin muguwar ƙeta a 1990, ta yadda wanda aka yi wa zai sami jifan kyauta biyu, ƙungiyarsa kuma ta ci gaba da riƙe ƙwallo. Muguwar ƙeta mataki biyu ce: ta farko ita ce taɓawar da ba ta zama dole ba, ta biyu kuma ita ce wadda ba ta zama dole ba kuma ta wuce kima, wadda ake korar mai ita nan take. Daga baya aka haɗa su da lissafin maki na hukunci, wanda ya tara fiye da uku a wasannin fitar da gwani sai a dakatar da shi wasa ɗaya, kuma wannan lissafi ne ya hana Draymond Green na Golden State Warriors buga wasa na biyar na zagayen ƙarshe a 2016, zagayen da ƙungiyarsa ta rasa a hannun Cleveland bayan tana gaba da wasa 3 da 1. Jordan kuwa ƙarfe ya shiga ɗagawa ya ƙara nauyi, Bulls ta share Pistons da wasa 4 da nema a 1991.

Shekarun 1990 sun gaji salon Detroit ta wata siga, wadda New York Knicks ta Pat Riley ta fi kowa ƙwarewa a kai, tare da Patrick Ewing da Charles Oakley da Anthony Mason. Babban makaminsu shi ne dafa hannu, wato mai tsaro ya ɗora tafinsa ko damtsensa a ƙugun mai riƙe da ƙwallo yana sarrafa shi, yana jin inda zai nufa kafin ya motsa. A zagayen ƙarshe na 1994 Knicks da Rockets suka buga wasa bakwai ba tare da ko ɗayansu ta kai maki 100 ba ko sau ɗaya. Abin lura a nan shi ne cewa wanda ya yi nasara a wannan zagaye, Hakeem Olajuwon na Rockets, haifaffen Legas wanda ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ya nuna cewa tsaro mai ban tsoro ba ya buƙatar jikkata kowa, domin da saurin ƙafa da sanin lokacin tsalle ya doke jifa 3,830 a tsawon wasansa, adadin da ba a kai ba tun da aka fara ƙidaya, kuma a wannan shekara ya haɗa kyautar gwarzon kaka da ta gwarzon mai tsaro da ta gwarzon zagayen ƙarshe. Kocinsa kuwa Rudy Tomjanovich ne.

A 1994 gasar ta taƙaita dafa hannu, ta kuma kafa dokar dakatar da duk wanda ya bar benci lokacin rigima ko da bai taɓa kowa ba, dokar da tushenta ke komawa ga mutumin da ya sheƙo da gudu a 1977. An yi amfani da ita ba sani ba sabo: a 1997 Knicks ta rasa Ewing da Allan Houston da Larry Johnson da John Starks saboda sun taso daga benci a wasa na biyar da Miami Heat, ta kuma faɗi bayan tana gaba da 3 da 1, a 2007 ma Phoenix Suns ta rasa Amar'e Stoudemire da Boris Diaw bayan Robert Horry na San Antonio Spurs ya bangaje Steve Nash ya bugi teburin alƙalai. Mutane da yawa sun ga rashin adalci a hukuncin na biyu, tunda ƙungiyar da aka yi wa ƙeta ce ta fi asara, amma faɗan taron dangi ya ragu ƙwarai tun daga lokacin.

Duk da haka maki sun ci gaba da raguwa, har matsakaicin ya sauka zuwa 91.6 a gajeriyar kakar 1999, ya kuma tsaya a 93.4 a kakar 2003 zuwa 2004, shekarar da wata sabuwar Pistons ta hana abokan hamayya kai maki 70 a wasa biyar a jere ta kuma ɗauki kofi. A 2001 an riga an halasta tsaron yanki, wato kowane mai tsaro ya kula da wani sashe na fili maimakon mutum guda, tare da hana shi tsayawa a ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku idan ba ya gadin kowa, a 2004 kuma, ƙarƙashin shugaban gasar David Stern, aka umarci alƙalai su busa duk wata dafawa a kan mai riƙe da ƙwallo a wajen da'irar kwando. Sakamakon ya bayyana nan da nan, domin Nash, wanda ba ƙato ba ne, ya zama gwarzon kaka a 2005 da 2006. Ana yawan lissafa wannan gyara cikin matakan kare lafiya, amma hujjar hakan ba ta da ƙarfi, domin tafin hannu a ƙugu bai cika karya kowa ba. Abin da dafa hannu ya hana shi ne gudu da maki, su ne kuma hajar da gidajen talbijin ke saye.

Buɗewar fili ta haifar da sabon haɗari. Layin maki uku, wanda aka shigo da shi a 1979 lokacin da ƙungiya ba ta gwada irin wannan jifa sau uku a wasa, ya zama ginshiƙin wasan har matsakaicin ya wuce 37 a kakar 2024 zuwa 2025, wannan kuwa yana nufin mai tsaro yakan sheƙo da gudu daga ƙarƙashin kwando zuwa ga mai jifa sau da dama a kowane zango. Idan ya wuce gona da iri ƙafarsa ta shiga wurin da mai jifa zai sauka, idon sawu ne ke biya. An daɗe ana zargin Bruce Bowen na Spurs da wannan, Jalen Rose ma ya amsa daga baya cewa da gangan ya yi wa Kobe Bryant haka a zagayen ƙarshe na 2000, amma ba a ɗauki mataki mai ƙarfi ba sai bayan 14 ga Mayu 2017, ranar da Kawhi Leonard na Spurs ya sauka a kan ƙafar Zaza Pachulia na Warriors da idon sawun da tun farko yake ciwo. Spurs tana gaba da maki 78 da 55 a lokacin, ta faɗi da 113 da 111, Leonard bai sake buga wasa a zagayen ba, ƙungiyarsa kuma ba ta ci ko ɗaya ba. A kakar da ta biyo baya aka ba alƙalai ikon duba hoton bidiyo su mayar da irin wannan ƙeta muguwa. Kamar hukuncin 1977 da na 1990, wannan ma ihu ne bayan hari.

A ƙarƙashin kwando an sami mafita da ta fi dacewa, wato ƙa'idar miƙewa tsaye, wadda ta ba mai tsaro damar yin tsalle sak sama da hannayensa a miƙe, ko da mai kai hari ya buge shi ba laifinsa ba ne, muddin bai karkata gaba ba. Roy Hibbert na Indiana Pacers ya shahara da ita a farkon shekarun 2010. Ita da rabin da'irar ƙafa huɗu da aka zana a ƙarƙashin kwando a 1997, wadda mai tsaro na biyu ba zai tsaya a cikinta ya jira a buge shi ba, sun rage yawan masu shiga ƙarƙashin mutumin da ke iska, sun kuma bar wa tsaro ƙarfinsa.

Da dokoki suka karkata ga masu kai hari, sai su ma suka koyi cin moriyarsu, irin su James Harden da Trae Young suka ƙware wajen cusa jiki cikin mai tsaro ko maƙale hannunsa domin a busa masu ƙeta, har gasar ta umarci alƙalai a 2021 su daina saka wa irin wannan motsi. A watan Janairu na 2024 Joel Embiid ya ci maki 70, bayan kwana huɗu Luka Doncic ya ci 73, matsakaicin makin kowace ƙungiya a kakar ya wuce 114, kuma a rabin kakar na biyu aka ga alƙalai sun sassauta wa masu tsaro, jifan kyauta ya ragu, ba tare da an sauya rubutacciyar doka ba.

Raunukan da suka fi girgiza gasar a 'yan shekarun nan kuwa ba su da alaƙa da naushi ko fizga. Jijiyar gwiwar Derrick Rose ta tsinke a 2012 yana dira shi kaɗai, agarar Kevin Durant, wato babbar jijiyar da ta haɗa sharaɓa da diddige, ta tsinke a zagayen ƙarshe na 2019 bayan ya dawo daga ciwon sharaɓa, a wasannin fitar da gwani na 2025 kuma agara ta tsinke wa Damian Lillard da Jayson Tatum da Tyrese Haliburton, dukansu ba tare da wani ya yi masu ƙeta ba, na ƙarshen a wasa na bakwai na zagayen ƙarshe, shi ma yana fama da ciwon sharaɓa. Masu horarwa da likitocin ƙungiyoyi da dama suna danganta irin wannan da saurin wasan zamani, da yawan tsayawa da juyawa farat ɗaya a fili mai faɗi, da kuma cunkoson jadawali. Littafin dokokin gasar ya yi nisa wajen hukunta abin da abokin hamayya ke yi wa jikin ɗan wasa, tun daga naushi har zuwa sa ƙafa a wurin sauka, amma abin da jadawali ke yi wa wannan jiki bai sami irin wannan kulawa ba: a 2023 an shardanta buga wasa 65 kafin ɗan wasa ya cancanci manyan kyaututtuka, yawan wasannin kaka kuma yana nan a 82, adadin da aka tsayar tun 1967.